Abin da Ya Ishi Ɗakin Mai Rubutu da Bazara

Wanda ya taɓa yin bazara a Yelwa ta ƙasar Yauri ba ya bukatar a kwatanta masa zafi. Tun daga tsakiyar watan Maris har ruwan fari ya sauka, rana ta kan fito kamar da fushi ta kwana. Ma'aunin zafi ya kan kai 40, wata rana ma ya ɗara. Kafin azahar ka ga awaki sun lafe a gindin katanga, masu talla sun nemi inuwa, kogi ya yi fari fat yana ƙyalli, ba ka iya dubansa sai ka kanne ido. Iskar da ke tasowa daga Tafkin Kainji kuwa, wadda baƙo ya ke tsammanin za ta kawo masa sauƙi, in Afrilu ya yi nisa sai ta zo da laima, gumi ya tsattsafo ya ƙi bushewa. Haka abin ya ke a Wara ta ƙasar Ngaski, haka a Shanga, haka a ƙauyukan da ke jere a bakin ruwa.

To, a cikin wannan zafi ne na ke so mu shiga wani ɗaki mu dube shi da kyau, watau ɗakin da mutum ya ke zama ya yi aikin takarda a gidansa. Kada wani ya ce wannan zancen manyan ma'aikata ne. Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kun fi kowa sanin ba haka ba ne. Ran da labari ya bazu a unguwa cewa wane ya iya karatu da rubutu, ran nan aiki ya same shi. Wannan ya zama magatakardan ƙungiyar masunta, wancan shi ke rubuta yawan buhunan albasa da aka ɗora wa mota, wance ita ke riƙe da littafin adashin matan unguwa, wani kuma kullum ana kawo masa takardar asibiti ko ta makaranta ya karanta. Ko da tabarma ce kaɗai da akwati guda a kusurwar zaure, wurin nan ya zama ofis, mai shi kuwa ya zama ma'ajin mutane. Tambayar da na ke so mu tauna ita ce, kaya nawa ya kamata su zauna a irin wannan wuri? Shin rage kaya nagarta ce, ko kuwa sha'awa ce kurum, kowa da tasa, kamar yadda wani ke son tuwon shinkafa wani na dawa?

Ni kaina na daɗe ina ɗaukarsa sha'awa. Abin da ya sauya mini ra'ayi abin kunya ne, amma zan faɗe shi.

Wata shekara, bayan an cire albasa, wani dattijo daga cikin Gungawa ya yi sallama a ƙofar gidana. Wani ɗan kasuwa ya ɗauki albasarsa bashi, aka rubuta takarda, shaidu suka dangwala hannu. Ya ciro takardar daga cikin hularsa ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ga wannan ka ajiye mini. A gidana yara da ɓeraye ba za su bar ta ba." Na ce, "To, Baba, ta sami wurin zama, ka kwantar da hankalinka." Na jefa ta cikin wani kwali, na raka shi bakin hanya.

Sai in gaya muku yadda ɗakin nan nawa ya ke a lokacin. Akwai tsofaffin jaridu jibge har sun kai rabin taga. Akwai rediyo da ta shekara biyar tana jiran gyara, da kujera mai ƙafa uku, da tayar keke, da kwalabe, da kalandar shekarun da suka shuɗe, da kwalaye bisa kwalaye waɗanda ni kaina ban san abin da ke cikinsu ba. In baƙo ya shigo ya ga wannan tari sai ya ce lalle Malam ya yi karatu mai zurfi, ni kuwa in ji daɗi a raina. Da bazara ta kankama ɗakin ya zama tanda. Na ɗauki tabarmata na koma gindin bishiya, na yi makonni ban leƙa ciki ba sai in ɗauko alƙalami in fito da sauri.

Bayan ruwa ya sauka gardama ta tashi tsakanin dattijon da ɗan kasuwa a kan yawan buhuna. Ya zo karɓar takardarsa. Na shiga ina ta birkita kaya, gumi na zuba, shi kuwa yana tsugune a bakin ƙofa yana jira. Sa'ad da na kai ga kwalin na ɗaga shi, sai gindinsa ya zube. Gara ta taso daga daɓe ta cinye shi tun daga ƙasa. Takardar tana nan, amma ta koma kamar rariya, wurin da aka rubuta adadi kuwa shi ne ya fi ciwuwa. Ɗan kasuwa ya amsa wani abu, ya musa saura, shaidu kuma kowa da abin da ya tuna. Dattijon nan bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba kome, Malam, haka Allah Ya so." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na zauna na bi sawun abin daki-daki. Tarkace ya toshe iska, rashin iska ya kawo zafi, zafi ya kore ni daga ɗaki, rashin shigata ya ba gara dama, gara ta ci amanar bawan Allah. Ban yi sata ba, ban yi ƙarya ba, amma gumin mutum na wata da watanni ya salwanta a hannuna. Tun daga ran nan na daina cewa shirin ɗakin aiki sha'awa ce.

Bari mu duba yadda zafi ke shiga ɗaki, gama wanda bai san ƙofar da ɓarawo ke bi ba, ba ya iya tsaron gida. Mafi yawansa ta sama ya ke sauka. Kwanon rufi ba shi da kauri, da rana ta taɓa shi sai ya ɗauki zafi nan take, ya riƙa feso shi a kan wanda ke ƙasa kamar an kifa masa kasko. Jinka kuwa ciyawa ce mai kauri, da iska a tsakankaninta, zafi ba ya ratsa ta da sauri. Katangar ƙasa tana da nata hali: tana shan zafi a hankali duk yini, ba ta sako shi sai dare, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, amma bayan isha'i ya kori mai shi zuwa tsakar gida. Wanda ya riga ya rufa kwano ba sai ya kware shi ba. In yana da hali ya sa silin, in babu ko asabari ko tabarmi ya ɗaura a ƙarƙashin kwanon, ya bar rata a tsakani, zai ji bambanci. Katangar yamma ita ta fi shan duka, don rana ba ta barinta daga azahar har magariba. Rumfar zana ko dogon yaro guda a wannan gefe ya kan yi aikin da fanka ba ta iya yi. Farar ƙasa kuma, in an shafa ta a waje, tana mai da hasken rana baya maimakon katanga ta shanye shi.

Amma babban abu shi ne iska, ita kuwa ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Ɗaki mai ƙofa kaɗai kamar tulu ne, ko ka busa masa ba abin da ke motsi a ciki. Sai an sami taga a wancan gefe, zai fi kyau ma a ce da wata 'yar kafa can sama kusa da rufi, don iska mai zafi sama ta ke yi. To, duk abin da ka girke tsakanin ƙofa da taga, kabad ne, ko kwalaye, ko riguna rataye bisa igiya, ya tare hanya. Mu mutanen bakin Kainji mun san abin da madatsa ke yi wa ruwa. Haka tarin kaya ke yi wa iska, ta tsaya cik, ta yi nauyi. Bayan wannan kuma tari shi ne gidan ƙura, da sauro, da kyankyaso, da kunama, wadda ba ta fi yawo ba sai a wannan lokaci.

Akwai kuma zafin da mu ke haifarwa da kanmu a ciki. Kowane abu mai cin wutar lantarki yana fid da ɗumi, ko talabijin, ko kwamfuta, ko cajar waya da aka manta a jikin bango. Tsohon ƙwan lantarki mai jan haske mafi yawan wutar da ya ke ci zafi ta ke komawa. Jikin mutum ma, ko yana zaune shiru, yana fid da ɗumi kusan daidai da ƙwai mai wat 100. Fanka ba ta sanyaya iska, kaɗa ta kawai ta ke yi don gumi ya bushe. Kada kuma mutum ya jingina duk jin daɗinsa gare ta. An kafa injinan Kainji don su ba da wuta mai ƙarfin megawat 760, amma mazaunin bakin tafkin ya san a kan ɗauke wuta a tsakiyar Afrilu kamar ko'ina. Ɗakin da ba ya zaunuwa sai da fanka, rabin bazara ba naka ba ne.

Randa kam kowa ya san ta. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima ce wani malamin makaranta na ƙasar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiyar kayan miya, har aka ba shi kyauta ta duniya a shekarar 2000. Sai dai ta fi aiki a busasshiyar iskar Maris, in laima ta shigo ƙarfinta ya kan ragu. Shawarata ita ce randa ta zauna a bakin ƙofa daga waje, nesa da takardu, gama danshi shi ke kiran gara. Lissafi mai wuya kuwa a yi shi bayan sallar asuba zuwa hantsi. Ƙwaƙwalwa da azahar ta bazara ba abin amincewa ba ce, ta kan ga 7 ta rubuta 1, kuɗin kuwa na wani ne.

Duk wannan dabara ce, kowa na iya koyonta cikin yini guda. Abin da ya fi wuya yana cikin zuciya, akwai kuma masu ja da maganata waɗanda hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Na farko zai ce, "Malam, wannan wa'azi na masu kuɗi ne." A Amurka da ƙasashen Turai zama da kaya kaɗan ya zama yayi. Wata mace mutuniyar Japan, Marie Kondo, ta fid da littafi a kan haka a 2011, aka juya shi cikin harsuna masu yawa, tana koya wa mutane su riƙe kowane abu a hannu, in bai faranta musu rai ba su rabu da shi. To, mai arziki yana zubarwa ne don kanti na kusa, aljihu kuma cike. Talaka a Shanga da ya adana tsohuwar robar keke ba hauka ya ke yi ba, gobe ita za ta ɗaure masa kaya. Gwangwanin da aka shanye madararsa zai zama ma'auni, tsohon buhu zai zama shimfiɗar shanya. In ka ce masa ya zubar da duk abin da bai sa shi farin ciki ba, sai ya fara da fartanya.

Na yarda da rabin wannan magana. Tattali halin kirki ne, almubazzaranci kuwa abin zargi ne ko da an sa masa sabon suna. Amma akwai tambaya biyu da mai tattali ba zai kauce musu ba. Ta farko, a ina? Gidan Bahaushe ya daɗe da raba wa kowane abu mazauni: hatsi a rumbu, itace a murhu, fartanya a rataye, dabba a turke. Ba wanda ke ɗaure akuya a kan buzun salla don wai akuya dukiya ce. Robar keke tana da wurinta, amma ba kusa da takardar gonar marayu ba. Ta biyu, har yaushe? Rediyona da ta shekara biyar tana jiran gyara ba tattali ya ajiye ta ba. Ƙyashi ne, da tsoron kada in bayar yau gobe in nema. Alhali kuwa a kasuwa akwai yaro mai gyaran rediyo wanda da ya ciri abubuwa uku a cikinta ya tashi na wasu. Littafin da na gama da shi, ba na buɗewa, ba na bayarwa, ga ɗalibai a makarantar unguwa biyar na leƙen guda, wannan ya kusa zama haƙƙin wani ne na danne. Abin da ya ga damina biyu ba a taɓa shi ba, a gaskiya ba ajiye shi aka yi ba, binne shi aka yi, ɗakin kuma ya zama kushewarsa.

Na biyu mai ja mace ce, hujjarta kuwa ta fi ƙarfi. Za ta nuna mini ɗakinta, ga jere tun daga ƙasa har sama, tasoshi da kwanoni da langa-langa suna ƙyalli, ta ce, "Wannan ma tarkace ne?" A'a, ba tarkace ba ne. Jeren mace dukiyarta ce wadda ba mai iko da ita sai ita, shi ne asusunta ran da ciwo ya zo ko biki ya taso, shi ne kuma shaidar cewa tana da dangi a bayanta. Kowane kwano an san wurinsa, ana saukewa a goge a mayar. Saboda haka maigidan da ya karanta wannan kada ya ɗauki tsintsiya ya nufi ɗakin matarsa yana cewa Malam ya ce. Ban ce ba. Abin da na roƙa wa mai riƙon littafin adashi kaɗan ne: 'yar adaka ta ƙarfe mai makulli, a ɗora ta bisa abin da ya raba ta da ƙasa, kada a haɗa littafin da kome a cikinta sai alƙalami.

Akwai kuma darasi a tarihin wannan ƙasa tamu wanda ya hana ni yabon ɗaki don kawai babu kome a cikinsa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga mazauninsu. Tsohon garin Bussa ya nutse, haka yawancin tsibiran da Gungawa suka gada suna noman albasa da ban ruwa. Kowane magidanci ya tsaya a tsakar gidansa ya dubi abin da ya mallaka, ya rarrabe abin da zai shiga jirgi da abin da za a bar wa ruwa. Ga rage kaya iyakar ragewa, amma wa zai kira shi nagarta? Tilas ce, an kuwa bar abin da jirgi ba ya ɗauka, watau gona da kushewar iyaye. A can tudu suka tarar da gidajen siminti da gwamnati ta gina musu bisa zanen wani Bature magini, Robin Atkinson, a jere, tsaf-tsaf, ba jinka. Da yawansu ba su jima ba suka kwaɓa ƙasa suka ƙara ɗakuna irin nasu a gefe, suka kafa rumfuna, suka gina rumbuna. Watau ɗaki na iya zama fayau amma bai ishi mai shi ba. Abin da ya isa ba daga waje a ke aunawa ba, mai zama a ciki shi ya san aikin da zai yi da inuwar da ya ke bukata.

Har ma akwai girman kai da ke ɓuya cikin rashin kaya. Mutanen Girka na dā suna da wani mai hikima, Dayojinis, wanda ya mai da wata babbar randa gidansa. An ce wata rana ya ga yaro yana shan ruwa da tafin hannu, sai ya jefar da moɗarsa, wai yaro ya fi shi sanin abin da ya isa. Mutane sun daɗe suna yabon wannan labari, ni kuwa ban ga abin yabo ba. Moɗar nan tana da aiki, in baƙo ya zo da ita za a ba shi ruwa. Wanda ya zubar da abu mai amfani don a ce ya guji duniya, da ni da na tara jaridu don a ce na yi karatu, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, idon mutane mu ke nema.

In ana son misali mai kyau ba sai an tafi Girka ba, a leƙa zauren malamin allo. Ga buzu, ga tawada da alƙalami, ga buta a kusurwa, ga gafaka rataye a turke can sama inda gara da ɓera ba su kai. Sauran wurin duk fili ne. Malam bai bar filin nan don ado ba, ya bar shi don mutane, don almajiri ya sami inda zai durƙusa, mai tambaya ya sami inda zai zauna. Ba kuma ƙin littattafai ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa littattafai masu yawan gaske, shi ne kuwa wajen 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas har ya kai Kano, don takaicin yadda ya ga mutane sun juya ga tara abin duniya. Ya san bambancin abin da ke yi wa mutum aiki da abin da mutum ke yi wa bauta. Ni a nawa ɗakin na dā, dattijon da ya kawo amanarsa ko wurin zama bai samu ba, a bakin ƙofa ya tsuguna, kwalabe sun cinye gurbinsa.

Saura takardu, su ne suka fi wuyar hukunci, don duk kamarsu ɗaya ga wanda bai karanta ba. Baturen nan matafiyi Mungo Park ya wuce ta ƙasar Yauri cikin jirgi, ya halaka a duwatsun Bussa wajen 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Bussa da Yauri suna neman littafin da ya rubuta labarin tafiyarsa. Ba su same shi ba. Abin da aka nuna musu a Bussa wani littafi ne na jadawalin lissafi, an naɗe shi cikin zane an adana shi shekara ashirin da 'yan kai, a tsakanin shafukansa da 'yan takardu, har da ta kuɗin tela da ta gayyatar cin abinci. Mai ajiyar ya cika amana iyakar saninsa, ba laifinsa ba ne, rubutun ba na harshensa ba ne. Amma kai da ka fita daga aji da takardar shaida ba ka da wannan uzuri. Kana iya duban takarda ka san wannan ta gona ce, a adana ta har jikoki, wannan rasidin bashin da aka biya ne tun bara waccan, wannan kuwa tallan sabulu ne. Mai tara kome da kome don tsoron kada ya yar da mai amfani, ƙarshenta mai amfanin ce ke ɓacewa a tsakiyar marasa amfani. Rarrabewa ita ce aikin da karatu ya ɗora maka.

Ga yadda na yi da nawa, ba don in ce kowa ya bi ba. Kowace shekara in hunturu ya fara ja da baya, kafin zafi ya kankama, na kan fid da kome waje in share, in duba gindin bango ko gara ta fara gini. Sa'an nan in mai da abin da ke da aiki a wannan shekara: tebur guda, kujera guda, tabarmar baƙi, adakar ƙarfe bisa bulo biyu nesa da bango, littafi guda da na ke kwafe kowace takardar amana a cikinsa da ranar da aka kawo ta. Takardun mutane na kan sa kowace cikin ambulan da sunan mai ita. Hanyar da ke tsakanin ƙofa da taga ba na barin ko takalmi a kanta. Abin da ya saura a waje, wani ya tafi ɗakin ajiya, wani makaranta, wani wurin mai gyara, wani murhu. Shekarar farko na ji kamar ana cire mini haƙori. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ni nawa gyaran sai da ya kai ga rabawa.

Duk da haka akwai abin da ma'aunina bai iya aunawa ba. Da bazara ta zagayo na tafi ƙauyen dattijon nan in sake ba shi haƙuri, in kuma kai masa ɗan abin da na iya tarawa. Na same shi a rumfa, ga wani tsohon dutsen niƙa kusa da ƙofar ɗakinsa, ya lotsa a tsakiya don daɗewa. Matan gidan sun daina amfani da shi tun da injin niƙa ya zo garin, ba ya kome sai tare hanya. Bisa ga dokar damina biyu da na kafa wa kaina, da tuni an mirgina shi bayan gida. Na ce, "Baba, wannan dutse fa, me ya ke yi a nan?" Ya dube shi, ya ɗora hannu a kansa, ya ce, "Na tsohuwata ne. Daga gungu na ɗauko shi, saura kaɗan ya kifar mana da jirgi." Ban ƙara cewa kome ba. Ya sa aka kawo mini ruwa a moɗa, muka koma zancen farashin albasa.